Yadda Hukumar Birni Za Ta Ba da Kwangilar Yashe Magudanan Ruwa

Ruwan saman da ya sauka a kan kwalta ba shi da inda zai nutse. Gangarawa yake yi, yana kwasar duk abin da ya tarar: baƙin mai da ya ɗiga daga motoci, burbushin taya da na birki, yashi, ganyaye, leda, kashin dabbobi. A birane da yawa magudanar ruwan sama ba ta bi ta wurin tace ruwa, kai tsaye take juyewa cikin rafi ko kogi ko tafki. A 2020 masu bincike a jihar Washington ta Amurka suka gano cewa wani sinadari da ke fitowa daga tayar mota, mai suna 6PPD-quinone, shi ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan birni bayan an yi ruwa. Ke nan lakar da ke kwance cikin magudana ba laka ce kawai ba, kuma kwangilar kwashe ta tana bukatar a rubuta ta da hankali.

Mataki na farko: ƙirga abin da kake da shi

Kafin a tallata kwangila, hukuma ta san yawan bakunan magudanarta, tsawon lambatu, da adadin kwalbatoci. A ba kowanne lamba, a sa shi a taswira, a auna zurfinsa. Aiki ne mai gundura, amma in ba a yi shi ba, ɗan kwangila ne zai riƙa faɗa wa hukuma yawan aikin da ya yi, ita kuwa sai dai ta ce to.

Mataki na biyu: fayyace ma'anar "an yashe"

Da yawa daga cikin bakunan magudana suna da rami a ƙasan bututun da ruwa ke fita, inda laka ke kwantawa. Muddin ramin ya cika, amfaninsa ya ƙare, domin ruwa mai ƙarfi zai tayar da abin da ya taru ya wuce da shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a kwashe da zarar laka ta kai kashi ɗaya bisa uku na zurfin ramin, wasu hukumomin kuma kan bari ta kai rabi, amma ba sa yarda ta wuce haka. A rubuta wannan awo a takardar kwangila da lambobi.

A rubuta lokaci ma. Ruwan farko bayan dogon rani shi ya fi ɗauko datti, don haka babban yashewa ya kammala kafin saukarsa. Wuraren kasuwanci, tashoshin mota, garejoji da inda ake gine-gine kuwa sukan cika da wuri, a ware musu zagaye na musamman.

Mataki na uku: ina za a kai lakar?

A nan ne kwangiloli da yawa ke lalacewa, kuma a ganina nan ya kamata a fi daɗewa wajen rubutu. Sau nawa aka ga an tono laka, an tsiba ta a gefen titi da sunan ta tsane, sai ruwa ya zo da daddare ya mayar da ita inda aka ciro ta? An biya kuɗi, an ɗauki hoto, kogi kuma ya sha dattinsa kamar ba a yi komai ba.

Saboda haka kwangila ta ambaci sunan wurin da za a zubar, da awannin da aka yarda laka ta yi a waje kafin a ɗauke ta. Ruwan da aka tsiyaye daga cikinta ma gurɓatacce ne, kada a bar shi ya koma magudana. A kai shi wurin tace ruwan ƙazanta, ko ramin tsiyaya da aka tanada. Idan za a wanke bututu da ruwa mai ƙarfi, dole a toshe ƙasan bututun, motar zuƙa ta tsaya tana janye abin da ya taso. In ba haka ba, tura datti gaba kawai aka yi. Lakar da aka ciro kusa da masana'antu ko gidajen mai kuwa a gwada ta tukuna, don wata ba ta dace da juji na yau da kullum ba.

Mataki na huɗu: tsara yadda za a biya

Kowane salon biya yana koya wa ɗan kwangila wata ɗabi'a. Ka biya shi bisa yawan bakunan da ya buɗe, zai bi masu sauƙi ya tsallake masu wuya. Ka biya shi bisa nauyin abin da ya kwaso, kada ka yi mamaki in ruwa ya fi laka yawa a cikin motar. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun: kuɗi kan kowane baki mai lamba da aka yashe har ƙasa, tare da takardar sikeli daga juji da ke nuna kayan sun isa. Hoto kafin aiki da bayansa, mai ɗauke da rana da wuri, ya zama sharaɗin biya. A kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an yi ruwa an ga yadda magudanar ta gudana.

Mataki na biyar: tantance masu nema

Mafi arha ba lallai ya zama mafi dacewa ba. A je a ga motocinsa da ido, a tambayi inda ya taɓa aiki. Batun lafiyar ma'aikata kuma ba a sassauta shi: ramin magudana kan tara iska mai guba da ke kashe mutum cikin mintoci, wani lokacin kuma iskar shaƙa ce ke ƙaranci a ciki. Wanda ba shi da na'urar gwada iska, da igiyar ceto, da mutum mai tsaro a bakin rami, a cire sunansa.

Mataki na shida: bi sawu, ka ajiye lissafi

Mai duba aiki ya zama na hukuma, ba wanda ɗan kwangila ke ɗauka a motarsa ba. Shi zai zaɓi bakunan da zai duba ba tare da sanarwa ba, ya zura sandar awo ya rubuta abin da ya gani. A Amurka, tun bayan gyaran da aka yi wa dokar tsabtar ruwa a 1987, an wajabta wa birane masu mutum 100,000 zuwa sama neman izinin zubar da ruwan magudana daga 1990, aka faɗaɗa zuwa ƙananan birane a 1999, kuma rahoton aiki na cikin sharuɗɗan izinin. Ko babu irin wannan doka, lissafin yana da amfani. Bayan shekara biyu ko uku zai nuna bakunan da ke cika duk bayan 'yan watanni da waɗanda ke daɗewa ba su cika ba, sai a rage zagaye a nan a ƙara a can cikin kwangila ta gaba. Bakin da kullum ake samunsa da baƙin mai kuwa, a tura jami'i ya bi lambatun ya gano mai zubawa.