Bunsurun Fadama: Yadda Ake Adana Wake Da Shi A Rumbu

Bunsurun fadama, wanda masana tsirrai ke kira Hyptis spicigera, ɗan gida ɗaya ne da ɗoɗɗoya da na'ana'a. Asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka, amma ya daɗe da zama ɗan ƙasa a nan. A jihar Damagaram a neme shi inda ruwa ke kwanciya: bakin tabki, gefen fadamu, kwarin Korama da kewayen Matamaye da Magariya. Kan jigawa ba ya yin kirki.

Gane shi ba wuya. A murza karan tsakanin yatsu, za a ji kusurwa huɗu. Ganyen siriri ne mai tsini da ƴan haƙora a gefe, biyu-biyu suna fuskantar juna. Tsayinsa yakan kai mita ɗaya ko ya ɗara, a ƙarshen kowane reshe kuma akwai zangarniya cunkushe da ƙananan furanni. Sai warin: in ka murje ganyen, zai bi hannunka har gida.

Wannan warin shi ne amfaninsa, kuma mai ne da ke tashi cikin iska. Don haka a yanke shi da kaka, yana tsakiyar fure, da safe bayan raɓa ta bushe. A ɗaure ƙananan dammuna a rataye a inuwa mai iska kwana biyar zuwa bakwai. Wanda ya shanya shi a rana ya zubar da maganin, kara kawai ya rage masa. Babban dami kuma yakan ruɓe daga ciki.

Kafin a kai ga rumbu, a fahimci abu ɗaya: ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfani. A kan kwanso yake saka ƙwai, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwaya, cikin mako 3 zuwa 4 na zafi sabon ƙwaro ya fito. Ganyen yana korar manyan ƙwari ya rage musu saka ƙwai, amma ba ya kaiwa ga tsutsar da ke ciki. Shi ya sa ake yin roro da wuri, a shanya waken har ƙwaya ta ce ƙas a haƙori.

A share rumbu, a fitar da ragowar bara gaba ɗaya, a liƙe tsaga da laka. A shimfiɗa busasshen ganyen kaurin tafin hannu, a zuba wake da kwansonsa kamar kamu ɗaya, a sake shimfiɗa ganye, haka har sama. Ganye ne zai zama na ƙarshe, sannan a rufe baki sosai. Duk wata a buɗe a sunsuna. In warin ya yi sanyi, a ƙara sabon ganye. In an ga ƙwaya da huji, ko gari a ƙasa, a fitar a casa a shanya.

Waken da za a ajiye har bazara, musamman iri, gara a zuba shi a bido mai murfi ko buhun PICS mai ninki uku, inda rashin iska ke kashe ƙwarin. Ganyen na ajiyar ƴan watanni ne.

Karan da ya rage a ɗora kan garwashi a tsakar gida da magariba, hayaƙin na korar sauro. Kada a turara a rufaffen ɗaki, balle inda jariri ko mai asma yake, kuma a ci gaba da kwana cikin sange.