Kurakuran da ke kashe famfon sitiyari a tsohuwar mota

Duk mai tsohuwar mota ya san kukan nan: ka murɗa sitiyari da safe za ka fita, sai gaban inji ya ɗauki ƙugi, kan motar ya yi nauyi kamar ana riƙe maka shi. Na daɗe ina jan Golf tsakanin Jega da Birnin Kebbi, kuma yawancin famfunan sitiyari (abin da ke tura mai don sitiyari ya yi laushin murɗawa) da na ga sun mutu, ba tsufa ya kashe su ba. Wajen canjin man sitiyari aka yi musu illa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar man sitiyari duk ɗaya ne. Mutum zai tsaya a shago ya ce a ba shi man fawa, a miƙo masa ja, ya zuba ya wuce. Jan man nan ATF ne, man giyar mota mai otomatik. Tsofaffin Corolla da Camry shi suke sha, nau'in Dexron II ko III, sau da yawa ma a rubuce yake a kan murfin tankin man sitiyari. Honda kuwa nata man daban ne, in ka dage da ba ta ja, robobin famfo da na rak, wato ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba in an murɗa sitiyari, za su fara yoyo. Golf 3 kore take sha, mai lamba G 002 000, ko G 004 000 da ya maye gurbinsa. Goge murfin ka karanta tun kafin ka ciro kuɗi. In an riga an gauraya, ƙari ba ya magani, sai an fitar da shi duka.

Mafi muni shi ne man birki. Wata rana a wani gareji a hanyar Argungu, ina tsaye yaron gareji ya ɗauko ragowar man birki zai zuba min. Na riƙe hannunsa, ya ce, "Oga, ai duk mai ne." Ban ga laifinsa ba, haka ya ga ana yi. Amma man birki kumbura robobin sitiyari yake yi har su lalace, daga nan sai sauke rak. In tsautsayi ya sa an zuba, kada a tayar da inji. A zuƙe shi, a cire tankin a wanke, tun bai shiga famfo ba.

Sai yadda ake fitar da tsohon man. Wasu bakanike sukan zare tiyon da ke dawo da mai, su tayar da inji. Man da ke ciki duka bai fi kamar lita 1 ba, kafin ƙiftawar ido famfo ya watso shi waje, ya ci gaba da juyawa a bushe, ƙarfe na cin ƙarfe. A ɗaga gaban mota da jak, inji a kashe, a sa bakin tiyon a gora, a toshe gurbinsa a jikin tanki, mutum ɗaya na murɗa sitiyari, ɗaya na ƙara sabon mai, har sai mai tsabta ya fara fitowa. Wanda ba ya son taɓa tiyo, musamman in ya bushe zai iya tsagewa, ya samu babban sirinji: ya zuƙe na tanki, ya cika da sabo, ya yi kwana 2 yana yawo, ya maimaita sau 3 ko 4. Ni wannan na fi so ga motar da ta tsufa sosai.

An gama zubawa, sai a rufe a ce Alhaji ya tafi. A nan ne iska ke maƙalewa. Gaban mota na sama, inji a kashe, a murɗa sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama kamar sau 20, ana leƙa tankin ana cikawa. Sannan a tayar. In ka ga kumfa, kashe, jira ta kwanta, ka sake. Kuma kada ka danne sitiyari a ƙarshe ka riƙe fiye da daƙiƙa 5, man zafi yake ɗauka sosai.

Cika tanki fal shi ma kuskure ne. Akwai layin sanyi da na zafi a jikinsa ko a sandar murfin. A zafin Afrilu na Kebbi, da yake haura digiri 40, mai kumbura yake yi ya yi ambaliya a kan fanbel. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abin tsoro: goge kewayen murfin kafin ka buɗe, mazurarin ma ya zama mai tsabta. A gindin tankin motoci da yawa akwai 'yar rariya. In ta toshe, famfo zai yi ta kuka ko da sabon mai ne.

In kuma kullum sai ka ƙara, to yoyo ne. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare, da safe ɗigon zai nuna maka wurin. Matsa robar da ke bakin rak ta kowane gefe. In ka ji mai a ciki, rak ɗin ne ke zuba, ba famfo ba.