Yadda Ake Sa Wa Mota Tayoyi Masu Faɗi Don Filin Tsere

Kafin ka sayi sabon wili, ka tabbatar ramukan notinsa sun dace da na motarka, ka kuma duba yadda yake shigewa ciki ko fitowa waje, domin wilin da ya shige ciki da yawa zai goga shokazoba, wanda ya fito waje kuma madigadi zai ci tayarsa a kwana. Ƙarin faɗi ba ya nufin ƙarin tsayi: wanda ke kan taya mai lamba 205/55 R16 (wato faɗinta milimita 205, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, wilinta kuma inci 16) zai iya komawa 225/45 R17, tunda bambancin tsayinsu bai kai milimita 3 ba. Bayan ɗaurawa, a murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a duba ko akwai gogayya. Iskar taya kuwa a sake auna ta da zarar an fito daga fili, saboda zafi yana ƙara ta.