Kurakuran da ke ɓata wa mutum suna a wajen banki, da yadda ake gyara su

A kasuwannin Legas irin su Mile 12 ko Alaba Rago, wanda zai ɗauki kaya bashi, dillali da maƙwabtan rumfa ne shaidarsa. Banki kuwa ba ya shiga kasuwa ya tambayi halinka. Rahoto yake buɗewa, wanda ke rataye da lambar BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki mai lambobi 11: wa ya taɓa ba ka bashi, nawa, yaushe ka biya, saura nawa. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tara wannan bayani, CRC Credit Bureau da FirstCentral da CreditRegistry, duk a nan Legas suke. Daga rahoton ake fitar da maki. Na CRC daga 300 ne zuwa 850, kuma iya hawansa iya yardar da mai ba da bashi zai yi da kai.

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne aron suna. Ƙaninka ya sauka daga gida, ba shi da asusu, zai karɓi kuɗin babur ko jarin shayi a wata manhajar bashi. "Yaya, ba ni lambarka kawai, ni zan riƙa biya." Ka karanto masa lambobi 11 ɗin nan, saƙon sirri ya shigo wayarka, shi ma ka karanto. Daga wannan lokaci kai ne mai bashin. In ya biya wata biyu ya koma gida noma da damina, sunanka ake rubutawa. Tsayawa wani garanto ma bai da nisa da wannan, domin sa hannun da ka yi alkawari ne cewa in ya gaza kai za ka biya. Ban ce a daina taimakon ɗan'uwa ba. Raka shi ya buɗe nasa asusun, ya yi tasa BVN. In kuma ka riga ka ba da taka, ka karɓi ranakun biyan a hannunka, kuɗin su riƙa bi ta wajenka, ka ga alat da idonka.

Sai masu yar da layi. Mutum ya ci dubu ashirin a manhaja, kira ya yi yawa, ya cire layin ya goge manhajar ya ce an rabu. Ba a rabu ba, don da BVN aka ɗaure bashin, ita kuwa da yatsunka da fuskarka aka yi ta. Tun 1 ga Agusta 2020 ma akwai tsarin GSI, wanda ya ba bankin da ka ƙi biya damar cire haƙƙinsa daga asusunka na wasu bankuna, matuƙar ka sa hannu a kan sharaɗin lokacin karɓa, kuma wa ke karanta takardun nan? Gyaran shi ne ka neme su da kanka, a sake tsara biyan a rubuce. Idan manhajar irin masu aika wa dangi da abokai saƙon cin mutunci ce, wannan ƙara ce da ake kaiwa FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, amma ƙarar ba ta yafe uwar kuɗin.

Akwai kuma mai bugun ƙirji cewa bai taɓa cin bashi ba, don haka sunansa fes. A wajen banki fayil ɗinsa fanko ne, ba a san shi da alheri ko sharri ba. Adashen da ya shekara yana zubawa ba fashi, babu inda aka rubuta shi. Da yawa gudun riba ne ya hana su, kuma suna da hujja. Sai dai bankunan da ba sa harka da riba, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, su ma suna duba wannan rahoto kuma suna aika bayanin mai biya. Sayen ƙaramin kaya ta hanyar murabaha, wato banki ya saya ya sayar maka da ƙarin da kuka amince a kai, a biya kan kari yana gina tarihi. Kada dai a bi manhaja biyar a mako ɗaya ana gwada sa'a, neman ma ana rubuta shi, kuma yawansa kama yake da na wanda ruwa ya ƙare wa.

Jinkiri ma laifi ne ko da daga baya an biya duka. Ka sa ranar biya ta faɗo bayan ranar da kuɗi ke shigo maka. Cek ɗin da ya dawo babu kuɗi shi ma yana shiga rahoto.

Wanda ya fi ban takaici shi ne mutumin da ya biya tas amma rahoto na nuna ana binsa, saboda mai bashin bai aika sabon bayani ba. Ba ya sani sai ranar da ya nemi kuɗin mota ko na haya aka ce masa a'a. Dokar 2017 kan rahoton bashi ta ba kowa damar karɓar nasa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma duba naka da kanka ba ya rage maki. Nemi na kamfanonin uku, don ba lallai bayaninsu ya zo ɗaya ba. Duba sunanka da ranar haihuwa, kowane bashi da ba ka gane ba, da wanda ka rufe amma yana buɗe.

Ka ga kuskure, rubuta wa wanda ya ba da bashin da kamfanin rahoton, ka haɗa rasit ko bayanin asusu. Shi ya sa ranar da ka gama biyan kowane bashi kada ka tashi sai da takardar shaidar kammalawa. In banki ya yi biris, sai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya wanke maka suna ta bayan gida, ɗan damfara ne: bayanin da yake gaskiya ba ya goguwa don an ba wani na goro, na ƙarya kuwa gyaransa haƙƙinka ne da doka ta ba ka.