Darasi Na Tara: Zaɓen Littafin Koyon Gyaran Hoto

A Birnin Kebbi, Argungu, Jega da Yauri, da wuya ka wuce bakin kasuwa ko ƙofar makaranta ba ka ga shagon ɗaukar hoto ba. Mai neman aiki yana son fasfo. Masu biki suna son kalanda da katin gayyata. Mai sayar da shinkafa ko atamfa yana son hoton kayansa ya fito tas kafin ya ɗora a WhatsApp. Duk waɗannan hotuna sai an gyara su, kuma gyaran sana'a ce da ake ci da ita. Wanda ya iya karatu zai iya koyonta daga littafi, ko da ya fara a makare. Amma littattafan suna da yawa, kuɗinsu ba kaɗan ba ne, kuma ba kowanne ne zai yi maka amfani ba.

Fara da na'urar da ke hannunka

Kafin ka je wurin mai littattafai, ka zauna da na'urarka. Waya ce ko kwamfuta? Idan waya ce, manhajojin da aka fi amfani da su sun haɗa da Snapseed, PicsArt da Canva. Idan kwamfuta ce, za ka ji ana ambaton Photoshop, GIMP da CorelDRAW. Kowacce da tsarinta. Littafin Photoshop ba zai koya maka Snapseed ba, ko da hotunan bangonsa sun burge ka.

Sanin sunan manhajar kaɗai bai isa ba, sai ka san wace fitowa ce a kan na'urar. Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu, don haka mu ɗan tsaya a kai.

Kamfanin Adobe ya fara fitar da Photoshop a 1990, kuma tun daga lokacin ake ta sabunta ta. Akwai Photoshop 7 ta 2002, akwai CS3 ta 2007, akwai CS6 ta 2012. Daga 2013 kamfanin ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kuma sababbin fitowa suna ɗauke da shekara a jikin sunansu. A shagunanmu har yau za ka tarar da tsofaffin suna aiki, domin kwamfutocin da muke saye na hannu ne, ba su da ƙarfin ɗaukar sababbin. Sabuwar Photoshop tana bukatar ƙwaƙwalwar aiki ta aƙalla gigabait 8, alhali da yawa daga cikin kwamfutocinmu 4 gare su.

Ka ɗauka ka sayi littafin da aka rubuta don sabuwar fitowa. Ya ce maka ka danna wuri ɗaya, manhajar za ta ware mutum daga bayansa da kanta. Ka duba allonka sama da ƙasa, babu wannan wurin, saboda CS3 gare ka. Sai ranka ya ɓaci, ka ce kanka ne ba ya ja. Kanka lafiya lau yake, littafin ne ba na manhajarka ba. Haka abin yake ga GIMP, wadda kyauta ce, kowa yana da izinin sauke ta: littattafai da yawa an rubuta su ne kan fitowa ta 2.10, ita kuwa ta 3.0 ta fito a 2025 da wasu canje-canje.

Saboda haka ka buɗe manhajar, ka kwafe sunanta da lambarta a takarda, harafi bayan harafi. Da wannan takarda za ka tafi kasuwa. Ka kuma duba ko littafin na Windows ne ko na Mac, domin maɓallan sun ɗan bambanta. Yawancinmu Windows muke da ita.

Wane aiki kake son yi?

Mai son buɗe shagon fasfo yana bukatar abubuwa kaɗan amma ya iya su sosai: yanke hoto daidai awo, mayar da baya fari, jera hotuna da yawa a takarda ɗaya, da bugawa. Mai son yin kalandar biki da fosta yana bukatar rubutu a kan hoto da haɗa hotuna da yawa wuri guda. Uwargida mai sayar da turare ko kayan ɗinki daga cikin gida, wayarta ta ishe ta, littafi ƙarami kan haske da launi zai biya mata bukata. Kada kaurin littafi ya ruɗe ka. Mai shafi 600 da ya taɓo komai sama-sama bai kai mai shafi 100 da ya koyar da aikinka daki-daki ba.

A gaban mai littattafai

Ka yi sallama, ka miƙa takardarka, ka ce, “Malam, kana da littafin wannan?” Idan ya kawo, kada ka ji nauyin cewa, “Don Allah bari in ɗan duba cikinsa.” Mai sayarwa na kirki ba zai hana ka ba.

Ka fara da shafi na biyu ko na uku, inda ake rubuta shekarar bugu. Sai ka je jerin abubuwan da ke ciki, ka nemi aikinka a can. Daga nan ka buɗe tsakiyar littafin, ka karanta shafi guda a tsanake. Kusan duk waɗannan littattafai da Turanci suke, kuma kalmomin da ke kan allon ma da Turanci suke. Wannan ba zai hana ka koyo ba idan littafin yana da hoton allo a kowane mataki, da kibiya mai nuna inda za a danna, da lamba 1, 2, 3. Idan kuwa ka ga rubutu zube babu hoto, ko jimloli masu tsawo da ka kasa kama kansu, ka mayar masa da abinsa.

Ka lura da bugun. Akwai littattafan da aka kwafa da injin fotokofi, baƙi da fari, ana sayar da su da araha. A darasin gyaran launi, irin wannan littafi bai da amfani ko kaɗan. Zai nuna maka hoto kafin gyara da bayan gyara, duka biyun su fito toka-toka.

Akwai babi guda da nake so ka nema musamman, babin leya. Leya kamar fararen ledoji ne, irin waɗanda ake ganin abin da ke ƙarƙashinsu, da aka jera ɗaya kan ɗaya: hoton amarya a kan ɗaya, furanni a kan wata, rubutu a kan ta sama. Kana iya cire ɗaya ko ka matsar da ita ba tare da ka taɓa sauran ba. Duk wani babban aiki a Photoshop ko GIMP a kan wannan yake tsaye. Littafin da ya bayyana leya da wuri, da misali mai sauƙi, marubucinsa ya san koyarwa. Ka kuma duba ko ya koyar da yadda ake komawa baya idan an yi kuskure, wato danna Ctrl da Z tare, da yadda ake adana kwafi don kada a lalata hoton asali na mai shi.

Abin da littafin waje ba ya faɗa

Yawancin littattafan an rubuta su ne a Amurka ko Ingila, hotunan misalin cikinsu na fararen fata ne, a ƙarƙashin hasken da ba irin namu ba. Mu kuwa ranarmu tana da ƙarfi. Ka ɗauki dattijo cikin farar babbar riga da tsakar rana: idan ka ƙara haske don fuskarsa ta fito, aikin zaren da ke wuyan rigar sai ya ɓace cikin fari. Idan ka rage haske don rigar, fuskar ta yi duhu. Maganin wannan shi ne gyara wuraren haske daban, wuraren inuwa daban. Ka duba ko littafin yana da darasi a kai, domin kullum za ka gamu da wannan matsala. Kuma ina roƙonka, kada ka koyi ɗabi'ar wanke fuskar mutum har ya zama wani daban. Gyara shi ne a fito da mutum da kyau a launin da Allah ya yi shi. A hoton fasfo da na katin shaida ma, canza kamanni zai iya sa a ƙi karɓar takardun mai shi. Haka kuma hoton mutane amana ne a hannunka, musamman na mata. Ba a ɗora shi a ko'ina don talla sai da izininsu.

Batun bugawa ma a duba shi. Hoton da ya yi kyau a allo zai iya fitowa dishi-dishi a takarda. Ƙa'idar masu bugu ita ce ɗigo 300 a kowane inci, wato hoto mai inci 4 da 6 yana son fiksil 1200 da 1800 (fiksil su ne ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto a allo). Littafi mai kyau zai bayyana wannan, ya kuma bambance maka nau'o'in fayil ɗin da ake adana hoto a ciki: JPEG, da PNG mai iya barin baya babu komai, da PSD mai riƙe leyoyinka don gobe. Wani abu da za ka koya a bakin aiki: hoton da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, an rage masa inganci. Ka ce wa mai shi ya turo shi a matsayin fayil.

Na takarda ko na waya?

Ana samun littattafai a matsayin PDF, wasu kyauta, kuma GIMP tana da jagorarta a intanet. Suna da sauƙin samu, amma rubutun yana ƙanƙancewa a waya, kuma caji yana ƙarewa. Na takarda kana iya ajiye shi a buɗe gefen kwamfuta, ka ja layi da fensir, ka rubuta ma'anar kalma da Hausa a gefen shafi, ka karanta darasin gobe ko da an ɗauke wuta. Ga mai fara koyo, na takarda nake zaɓar masa. Idan kuɗin ya yi yawa, mutum uku ko huɗu na aji ɗaya su haɗa su sayi guda, su riƙa karɓa-karɓa. Kafin a biya, yana da kyau a nuna wa wani mai shagon hoto a unguwa, ko ɗalibin kwamfuta daga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ya duba ko ya dace da manhajar da ake da ita.

Aikin gida

Rubuta sunan manhajar da ke kan wayarka ko kwamfutar da kake amfani da ita, tare da lambar fitowarta. A ƙasa, rubuta aiki ɗaya da kake son ka iya cikin wata uku. Sannan ka ari littafin gyaran hoto ko ka leƙa ɗaya a shago, ka rubuta shekarar bugunsa da shafin da babin leya ya fara. Ka zo da takardar aji mako mai zuwa, tare da hoto guda na wani ɗan gidanku wanda ya yarda a yi gwaji da shi.