Yadda ake feɗe kalmar Turanci a gano asalinta: misalin multilocular

Ɗaliban likitanci da na ilimin tsirrai kan ci karo da kalmar multilocular, wato abin da cikinsa ya rabu ɗaki-ɗaki. Haddarta wahala ce kawai, gara a feɗe ta.

Fara da cire ɗafa-goshi, wato guntun da aka liƙa a farkon kalmar. Multi ya fito ne daga multus na Latin, ma'ana da yawa.

Sai ka koma ƙeya ka cire ar. Asalinsa aris ne, ɗan'uwan alis mai gina sifa, amma idan saiwar ta ƙare da harafin l, Latin yakan kauce wa maimaita sautin. Shi ya sa ake cewa solar da polar, ba solal da polal ba.

Abin da ya rage, locul, nan ne aikin yake. Ɗauko ƙamusun Latin, irin na Lewis da Short na 1879, ka duba loculus. Za ka tarar locus ne, wato wuri, aka ƙanƙanta shi da ulus, kamar yadda muke sa ɗan a gaban suna: ɗan wuri, gurbi. Jam'insa loculi shi Rumawa ke kiran akwatin ajiyar kuɗi mai gurabe, haka ma ake kiran ramukan da aka sassaƙa a bangon maƙabartun ƙarƙashin birnin Rum ana sa gawa.

Kuskuren da ya fi kama mutane shi ne yanka a inda ba gaɓa ba. Ido na ganin ocular a ƙarshen kalmar, sai a ɗauka daga oculus ne, ido. Harafin l na saiwa ne, kada ka bar shi a jikin multi. Dubi binocular, na ido biyu, da bilocular, mai gurbi biyu: harafi ɗaya ya raba su. Locution ma ba dangi ba ce, daga loqui take, yin magana.

Daga nan gwada fassarar taka a kan abu na zahiri. Yanka kuɓewa a kwance ka ƙirga gurabun 'ya'yanta, galibi biyar ko fiye. Ƙaramin tumatir kuwa sau da yawa biyu ne, bilocular ke nan. Idan rahoton hoton asibiti ya ce ƙullutu unilocular ne, jakar ruwa ɗaya ce. Multilocular kuwa akwai shamaki a ciki da suka raba ruwan.