Yadda za ka tono tarihin zamanin Turawa a garinku

Toh kar ka fara da intanet, fara da tsofaffin unguwarku tun suna raye. Amma kar ka je ka ce "Baba a ba ni tarihin mulkin mallaka", ni na taɓa yin haka wani dattijo ya ce min shi bai yi boko ba, da na juya na ce Baba yaya ake karɓar jangali a da, wallahi sai da aka kira la'asar muna zaune, har da yadda Fulani ke kora shanu daji su ɓoye in an ce masu ƙirga suna tafe. Tambaye su haraji, En'e (hukumar gargajiya ta sarki a zamanin Turawa), Di'o (Baturen mulki mai kula da gunduma), aikin tilas, gidan yari, wa ya yi hanyar kasuwa. Ka tafi da goro ko ɗan abin shayi, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya.

Sai ka bi sunaye da ƙafa. In ɗan Kano ne kai aiki ya yi maka sauƙi, Turawa sun ci Kano a 1903, aka kai Sarki Alu Lokoja aka naɗa Abbas, layin dogo ya iso a 1911, kuma shi ya jawo cinikin gyaɗa da dalar gyaɗa da cikar Sabon Gari. Gidan Ɗan Hausa ma na Hanns Vischer ne, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909. Ko a ƙauye kake za ka samu wani abu, tsohon bariki, gidan hakimi, wurin awon auduga, dalbejiyar da aka jera a bakin titi, ka tambaya wa ya sa aka yi kuma su wa suka yi dakon.

Bayan nan ka shiga Kaduna, National Archives da Arewa House, wuraren da ake adana tsofaffin takardun tarihi. Abin da za ka nema shi ne rahoton kimanta haraji na gundumarku, nan Di'o yake rubuta yawan mutane da shanu da masaƙa da marina da asalin sarautar gari. Ka gwada sunan garinku ta rubutu kala-kala don yadda kunnensu ya ji suke rubutawa, Katsena, Hadeija da sauransu.

Amma fa kar ka haɗiye takardar nan gaba ɗaya. Shi Di'o kuɗin haraji ya zo ƙirgawa, ta bakin tafinta yake ji, wanda ya ba shi labarin kuma galibi hakimi ne ko yaransa masu son a ce gidansu ne da sarauta tun fil azal. Ka yi hoton shafin ka koma gida ka karanta wa dattijon nan da Hausa, inda ya ce "ƙarya ne" ka sa alama ka tambaye shi to yaya aka yi, sannan ka je wani gidan da ba sa ga maciji da gidan sarauta ka sake karantawa.